Wayar da Ta Buɗe wa Haliru

Ku ɗan kife wayoyin nan a kan tabarma, ba gudu za su yi ba. Yau magana na kawo muku wadda ni kaina na juya ta na sake juyawa ban ga bakinta ba, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan raba gardamar ba, ku za ku raba. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ba na maimaita labari.

A wani gari da ake kira Tungar Ƙirya, can inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara, akwai wani tela mai suna Haliru. Mutum ne marar hayaniya, daga keken ɗinkinsa sai masallaci sai gida, inda yake zaune da matarsa Shafa'atu da mahaifiyarsa Inna Tumba. Yana da abokai uku tun na ƙuruciya: Zayyanu ɗan kabu-kabu, Tukur malamin firamare, da Ɗalhatu wanzami. A rumfar ɗinkinsa suke taruwa bayan la'asar, su ukun suna musu, shi yana taka keke yana murmushi.

A shekarar da nake ba ku labari, musun nasu ya tsaya a kan wata sabuwar waya da ta shigo kasuwannin birni. Ba a danna mata lamba, ba a ɗora mata yatsa, fuskar mai ita kawai take gani ta buɗe. Masu tallarta a rediyo har cewa suke yi ta fi uwa sanin ɗanta. Mutanen gari suka sa mata suna Mai Ido. Duk Tungar Ƙirya babu wanda ya mallake ta, amma kowa ya zama masaninta.

Shi Zayyanu, duk jita-jitar da ya goyo a bayan babur gaskiya ce a wurinsa. An ce a birni wani ya buɗe ta da hoton fasfo. An ce waɗanda suka ƙera ta da fararen fuskoki suka koyar da ita, saboda haka baƙin mutum duk ɗaya ne a idonta. An ce wata mata ta haska wa mijinta ita yana barci, ta ga abin da ta gani, aure ya mutu. In ka tambaye shi wa ya ce, sai ya ce fasinja. In ka tambayi sunan fasinjan, sai ya ce kai dai ba ka son gaskiya.

Tukur kuwa ko ɗaya bai yarda da shi ba. A ganinsa mutanen da suka zauna suka ƙera abu irin wannan ba za su sake shi kasuwa da ɓaraka a jikinsa ba, masu sayar da tsofaffin wayoyi ne suke baza maganar don kada kayansu su yi kwantai. Labarin da ba shi da sunan mutum, ba shi da sunan gari, in ji shi, bai cancanci a ɓata masa yawu ba.

Ɗalhatu shi ne ya fi ba su haushi, domin bai taɓa ɗaukar ɓangare ba. In Zayyanu ya gama, sai ya ce bai gani ba. In Tukur ya gama, sai ya ce wannan ma bai gani ba. Sai su biyun su haɗu su taso masa, Haliru ya yi ta dariya har zare ya tsinke masa.

Dariyar ta ƙare ne da kaka, ranar da 'yan bindiga suka shigo garin da rana tsaka, maza suna gona. Ba su yi lalube ba. Kai tsaye suka nufi gidajen 'yan sa-kai, da garken da aka ɓoye shanun huɗa a cikinsa, wanda baƙo ba zai taɓa sanin da shi ba. Suka kashe mutane, cikinsu har da ƙanen Bagudu, shugaban 'yan sa-kai. Kowa ya san wannan aikin ba ya yiwuwa sai da mai nuna hanya. Washegari aka tsinci waya a wani lungu bayan gidaje, inda maharan ba su bi ba. Mai Ido ce, sabuwa fil.

Bagudu ya tara duk mazan garin a filin makaranta, ya jera su, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu wayar a fuska. Tsofaffi da samari, liman da ladan, duk ta ƙi su. Da aka zo kan Haliru ta ɗan yi jim, sai ta buɗe. Bagudu ya rufe ta ya sake ɗagawa, ta sake buɗewa. Lamba ɗaya ce a cikinta wadda aka fi kira, da ya danna, wata murya ta amsa daga daji tana tambaya ko garin ya lafa. Nan take wasu mata biyu suka ce sun sha ganin Haliru da almuru a wannan lungun, ya naɗe kansa da mayafi. Kuma ku riƙe wannan, matan nan ba ƙarya suka shirya ba, abin da idonsu ya nuna musu suka faɗa.

Haliru ya rantse bai taɓa ko riƙe wayar ba. Babu wanda ya saurare shi. A garin nan wanda aka kama da laifin kai rahoto daji, bayan dutse ake kai shi, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba. Aka ɗaure masa hannu ta baya, Shafa'atu da tsohon ciki tana faɗuwa tana tashi.

To, ga abin da Zayyanu ya yi. Ya keta mutane ya rungume Haliru, ya shiga zazzage duk jita-jitar da ya tara a shekarar, ta hoton fasfo, ta fararen fuskoki, ta mijin da ke barci. Har ya ƙara da wani fasinja da ya ce ya buɗe wayar maƙwabcinsa a gabansa, wanda ni dai ban taɓa jin labarinsa ba kafin ranar. Wani ya buga masa gindin bindiga a kunne, jini ya gangaro masa har wuya, bai saki Haliru ba, bai kuma rufe baki ba. Sai mutane suka fara gunaguni, domin kowa a filin ya taɓa jin ɗaya daga cikin labaran nan, ya manta cewa daga bakin Zayyanun ya ji shi. Mai gari, wanda tsoron Bagudu ya hana shi motsi tun safe, ya samu abin dafawa.

Ya ce, "Bagudu, ka ji abin da ake faɗa a kan wayar nan. In muka kashe shi yau, gobe ta bayyana ba shi ba ne, wa zai tashe shi? A ajiye shi zuwa bayan kasuwar mako."

Bagudu ya yarda ba don ransa ya so ba. Aka kulle Haliru a ɗakin ajiyar makaranta da igiyarsa a hannu. Zayyanu ba shi da hujja ko ta sisin kwabo, sai an ce, amma da an ce ɗin nan Haliru ya ga faɗuwar rana.

Ga kuma abin da Tukur ya yi. Da yamma aka tambaye shi ra'ayinsa a gaban jama'a, ya ce shi har yanzu bai yarda wayar ta yi ƙarya ba. Zayyanu ya tofar da yawu a gabansa. Shafa'atu ta daina amsa masa sallama. Amma shi lissafin da yake yi daban ne. In da gaske baƙin mutum duk ɗaya ne a idonta, me ya hana ta buɗe wa sauran mazan garin? Lallai wani abu ta gani a fuskar Haliru. Shi kuma ya san Haliru kamar tafin hannunsa, ya san ba zai aikata ba. In waya ba ta yi ƙarya ba, Haliru ma bai yi ba, to akwai wani mutum da yake yawo da fuskar Haliru. Wanda ya yarda da jita-jita zai tsaya neman aibin waya. Tukur da bai yarda ba, sai ya tafi neman fuska. Ya bi dangin uban Haliru a zuciyarsa, babu mai kama da shi. Haliru uwarsa ya ɗebo, hanci da goshi da haɓa. Sai ya yi sallama a gidan, ya durƙusa a gaban Inna Tumba tana tsince wake.

Ya ce, "Inna, zan tambaye ki abin da ɗa ba ya tambayar uwa, ki yafe mini. Kafin ki zo garin nan, kin taɓa haihuwa?"

Ta ture waken gefe. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari irin ta matan da ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta kawo zancensa ko da kuskure. Inna Tumba ta yi auren fari a wani gari mai nisa, Kwanar Gawo, ta haifi namiji. Da aka yaye shi aure ya mutu, uban ya riƙe ɗansa, ita ta zo Tungar Ƙirya a bazawara. Waɗanda suka san zancen duk sun rasu, ita kuma bakinta ba zai iya faɗa ba, ko ga Haliru.

Ashe tun farkon damina ɗan nan ya fara zuwa da almuru ta bayan danga, ya ce ya zo gaida mahaifiyarsa. Kunya ta hana ta shigo da shi, ta hana ta gaya wa kowa. Sai ta miƙa masa fura ta saman danga, su tsaya kowa yana kallon gefe. Da yake ba ta san me ake faɗa wa ɗan da ba a taɓa hira da shi ba, duk abin da ya tambaya sai ta amsa. Gidan wa ne wancan, ina ake kai shanu, su wa suke tsaron gari. Ita a zatonta so yake ya san garin uwarsa, har tana jin daɗi.

Da ta gama faɗa, ta ce wa Tukur, "Ɗaya yana ɗaure, ka zo ka ce in miƙa ɗayan." Ta faɗa masa garin, ta ce ranar kasuwa ba ya fashin zuwa, amma sunan bai fito daga bakinta ba. Sannan ta ce, "Tashi ka tafi, ɗan nan. Ban yi maka baki ba, amma kada ka ƙara shigo mini gida."

Saura Ɗalhatu. Da Tukur ya kai maganar, Bagudu dariya ya yi, ya ce wace uwa ce ba za ta ƙirƙiro ɗa don ta ceci ɗa ba. Labarin Tukur ya zama wani an ce ɗin, bai fi na Zayyanu nauyi ba. Sai Ɗalhatu ya ce a gwada. A ba shi wayar, a haɗa shi da mutum biyu na Bagudu waɗanda ba a san su a Kwanar Gawo ba, su ji da kunnensu su gani da idonsu. In ya dawo hannu rabbana, a ɗaure shi tare da Haliru a kai su bayan dutse rana ɗaya. Bagudu ya sa ya maimaita a gaban shaidu, ya maimaita.

Hanyar Kwanar Gawo ta cikin dajin maharan ta bi, kuma garin kansa rabinsa nasu ne. Amma wanzami ba baƙo ba ne a kowace kasuwa. Ɗalhatu ya rataya zabirarsa, wayar tana ciki a ƙarƙashin asake, ya shimfiɗa buzu a gindin wata bishiya. Mutanen Bagudu suka zauna gefe kamar masu jiran layi. Bai san sunan wanda yake nema ba, fuska kawai yake jira. Ya aske kawuna har rana ta karkata, sai ya hango Haliru yana tahowa ta wajen masu goro, Halirun da ya fi ƙiba ya kuma tara gemu. Ya yi masa kiran da wanzamai suke yi, ya ce maigida, gemun nan yana neman gyara. Mutumin ya shafa haɓa, ya zo ya zauna.

Ɗalhatu ya jiƙa, ya gyara masa tsaf, yana jin bugun jijiyar wuyansa a ƙarƙashin yatsa. Kun san in an gama, wanzami madubi yake miƙa wa mutum ya duba. Shi sai ya zaro wayar a maimakon madubi. Ko daidaita ta bai gama yi ba ta buɗe, babu ɗan jim ɗin nan da ta yi wa Haliru. Mutumin ya kai mata hannu da sauri.

Ya ce, "Kai, a ina ka tsince ta?"

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya dubi askar da ke ɗaya hannun Ɗalhatu, ya dubi mutum biyun da suka miƙe, suka riƙe shi suka taho da shi Tungar Ƙirya.

A filin makarantar nan aka tsayar da su biyun kafaɗa da kafaɗa, wayar ta buɗe wa wannan, ta buɗe wa wancan. Matan da suka ba da shaida suka rufe fuska suna salati. Baƙon bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon Haliru, shi ne ganinsu na farko kuma na ƙarshe, sannan ya ce masa, "Ashe kai ne wanda ta riƙe."

Ba a kai shi gaban alƙali ba. Kada ku tambaye ni ko daidai ne, ba daidai ba ne, kuma da aka yi niyyar yi wa Haliru ma ba daidai ba ne, amma abin da ya faru nake gaya muku. Hanyar dutse ta bayan gidan Inna Tumba ta bi. Da suka zo daidai dangar, aka ji muryar tsohuwar daga ciki, sau ɗaya tak, ta ce, "Mu'azu." Ranar ce Tungar Ƙirya ta san sunansa, kuma ranar ce kaɗai shi ya taɓa jin sa a bakin uwarsa. Bai waiwayo ba.

Aka kwance Haliru, amma igiya ta riga ta kashe masa yatsu biyu na hannun dama, zura zare a allura sai an yi masa. Kunnen Zayyanu na hagu bai ƙara ji ba, fasinja ya yi ta labari a bayansa ba ya ɗauka. Tukur in ya hango Inna Tumba sai ya sake hanya, Haliru kansa yana gode masa, amma shi Halirun ba ya iya haɗa ido da shi. Ɗalhatu kuwa tun ranar, in ya ɗora aska a wuyan mutum sai hannunsa ya kama rawa. Rumfar tana nan, suna zuwa su zauna, sai dai shiru ya fi magana yawa. In zancen wayar ya taso, Zayyanu ya ce ai ga shi ta buɗe wa wanda ba mai ita ba. Tukur ya ce ai ga shi ta ƙi duk gari, jini kawai ta bi. Ɗalhatu ya ce yanzu ya gani, kuma da ma bai gani ba.

Ba da daɗewa ba Shafa'atu ta sauka, ta haifi namiji. Haliru ba shi da saniya ko gona da zai ba wanda ya cece shi, abu ɗaya yake da shi mai daraja, sunan ɗansa. Ya ɗau alkawari tun yana ɗaure cewa in ya fita da rai, wanda ya fitar da shi zai yi wa takwara. To yaro ɗaya ne, suna ɗaya ake raɗawa. Ranar suna ta zo, liman ya zauna, an raba goro, an kawo wani wanzami daga maƙwabta don Ɗalhatu ya ce ba zai iya taɓa kan jariri ba. A cikin ɗaki Inna Tumba tana riƙe da jaririn tana kallon hancinsa da goshinsa, ba ta roƙi komai ba. Liman ya sunkuyo ya tambayi Haliru sunan, Haliru ya buɗe baki ya kasa.

Ba don Zayyanu ya gaskata jita-jita ya tare da jikinsa ba, da tun ranar farko an gama da Haliru, sauran biyun ba su samu wanda za su ceta ba. Ba don Tukur ya ƙaryata ta ya tafi neman fuska ba, da wa'adin ya cika babu wanda ya san akwai wani a Kwanar Gawo. Ba don Ɗalhatu ya ƙi yarda da kowa ya jingina wuyansa a kan gwaji ba, da maganar tsohuwa ta tashi a banza, ta tona asirin ɗa ɗaya ta kuma rasa ɗayan.

Liman yana nan zaune yana jira, rago yana ɗaure. To, ku gaya mini, cikin Zayyanu da Tukur da Ɗalhatu, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?